Damisa, Iyali, Kurmi: Kalmomi Uku a Ƙarƙashin Zane Ɗaya

Akwai wani zane da da wuya a ce mutum bai taɓa cin karo da shi ba. Yana jikin bargo, yana kalanda, yana cikin firam ɗin da ake ratayewa a falo. Wata ƙatuwar dabba ce mai launin ruwan goro, jikinta duk baƙin ratsi, tana kwance a bakin rafi. 'Ya'yanta biyu ko uku suna hawa bayanta, ɗaya na wasa da jelarta. Can gefe ga namiji a tsaye, ya ɗaga kai yana dube-dube. Bayansu kuwa manyan ganyaye ne kore shar, sun rufe sararin sama. Masu sayar da irin wannan zane suna da fassararsa a bakinsu: ƙarfi, kariya, haɗin kan gida. Bahaushe kuma in aka ce ya faɗi abin da ya gani, cewa zai yi iyalin damisa ne a kurmi.

Kalmomi uku ke nan: damisa, iyali, kurmi. Kowacce tana zuwa da kayanta ta sauke a kan zanen tun ido bai gama kallo ba. Mai son ya raba abin da ke cikin halittar dabbar da abin da mai zane ya ƙara daga kansa, sai ya bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda kowacce ta fito da abin da take rufewa.

Wace damisa?

Damisar da kakanninmu suka sani, wadda mafarauta ke shakkarta, wadda ake yi wa kirari da ƙi-sabo, jikinta rodi-rodi ne. Gwanar hawa ce, takan ja barewa sukutum ta haye da ita kan reshe don kada kura ta ƙwace. Namijinta da wuya ya kai kilo 90. Ta cikin zanen kuwa ratsi gare ta, namijinta a Indiya yakan haura kilo 200, ta fi zaki girma, kuma tana son ruwa har takan ƙetare kogi da iyo. Wannan dabba ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba. Gidanta Asiya ne, daga Indiya da Bangaladash zuwa Sumatra, zuwa gabashin Rasha mai ƙanƙara.

Masana dabbobi sun yarda 'yan uwa ne. Carl Linnaeus ya ba mai ratsin suna Felis tigris a 1758, daga baya aka mayar da ita zuriyar Panthera, inda take tare da zaki, Panthera leo, da damisarmu, Panthera pardus. Ashe Bahaushen da ya ga hotonta ya ce damisa bai yi nisa da gaskiya ba, dangi ya gane. Matsalar ita ce ya tsaya a nan. Al'adar harshenmu ce in ya ga dabbar da ke kama da wata da ya sani, ya ara mata sunan sannan ya ƙara abin da zai bambanta su: raƙumin dawa, jakin dawa. Wannan karon ba a yi ƙarin ba. Masu fassara da malaman makaranta da yawa sun ba dabbobi biyu suna ɗaya suka wuce.

A kasuwa kuwa wani sunan ya riga ya shigo ta bayan gida. Duk wanda ya taɓa tayar da ƙaramin janaretan nan mai suna Tiger ya san kalmar taiga. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Nijeriya D'Tigers ce, ta mata D'Tigress, wadda a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka da ta kai zagayen 'yan takwas. Har ayar da muke taunawa, da sunan wannan dabba Turawan Ingila suke kiranta. A kudancin Nijeriya ma haka abin yake: ẹkùn na Yarbawa da agụ na Ibo damisar Afirka suke nufi, amma sau da yawa taiga ake fassara su.

Ruɗanin ya kai har kurkukun tsibirin Robben. Nelson Mandela ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1994 cewa fursunoni sun sha yin gardama mai zafi kan ko akwai taiga a Afirka. Shi kansa yana ganin tunda harshen Xhosa yana da kalma dominta, to lallai ta taɓa zama a nahiyar. Hujjar tana da daɗin ji, amma samuwar kalma ba ta tabbatar da samuwar dabba. Kalmomi suna ƙaura daga wannan halitta zuwa waccan.

Shaidar haka tana ko'ina. Wanda ya yi karatun zaure ya san namir. A tsohon Larabci namir ita ce mai rodi-rodi, wadda har yau akwai ragowarta a duwatsun Oman da Yaman, mai ratsi kuwa babr ce. Amma a jaridu da talabijin na Larabawa a yau namir ake ce wa duka biyun. Farisawa sun rarrabe sarai: shir zaki, babr taiga, palang damisa. Da shir ta shiga Indiya ta zama sher, sai ta hau kan zaki da taiga gaba ɗaya, shi ya sa Shere Khan na labaran Rudyard Kipling na 1894 taiga ne. In mai jin Hindi ko Urdu yana son a tabbatar zaki yake nufi, sai ya ce babbar sher, alhali kuwa bagh, da ta fito daga vyaghra ta Sanskirit, tana nan a matsayin sunan taiga na kanta. Turawan Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu damisa suka gani suka kira ta da sunan taiga, sunan ya maƙale a tsaunin Tygerberg kusa da Cape Town. Mutanen Sifaniya ma da suka isa Amurka ta Kudu suka tarar da jaguwa, tigre suka ce mata.

Inda suna ya shiga cikin fenti

Wani zai ce wannan duk gardamar ƙamus ce, ina ruwan zane? Amsar tana birnin Kyoto na Japan, a fadar Nijo, wadda mai mulkin ƙasar Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603, aka faɗaɗa ta a 1626. Ginin farko da baƙo ke shiga a ɓangaren Ninomaru, wanda ake kira Tozamurai, nan ne hakimai ke zaman jira kafin a ba su iso. Masu zanen wani gida na Japan mai suna Kano sun cika bango da ƙofofin ɗakunansa da taigogi a cikin gora, a kan shimfiɗar zinariya: wata na shan ruwa, wata ta waiwayo da manyan idanu, wata ta banƙare. An sa su a wurin ne don mai jira ya ji kwarjinin mai gidan tun bai gan shi ba.

In aka ƙura ido sai a ga wasu daga cikin dabbobin ba ratsi gare su ba, rodi-rodi ne. Damisoshi ne zaune cikin taigogi kamar gida ɗaya. Babu taiga a dajin Japan, don haka masu zanen sun dogara ne da fatun da ake shigowa da su da kuma zane-zanen Sin da Koriya. A wancan zamani mutane da yawa a can sun ɗauka damisa ita ce macen taiga. Akwai kuma wata tsohuwar magana daga Sin da ke cewa in taiga ta haifi uku, ɗaya yakan fito daban da sauran, aka riƙa ɗaukar wannan ɗan a matsayin damisa. Wanda ya kalli bangon Nijo bai san wannan ba zai ce dabbobi iri biyu ne suka haɗu. Mai zanen kuwa iyali ɗaya ya nufa.

A Koriya, inda dabbobin biyu duk suka rayu a duwatsu, kalmar beom ta daɗe tana ɗaukar su tare, damisa ana ce mata pyobeom. Shi ya sa a zanen gargajiya na taiga da tsuntsu a kan itace, wanda ake liƙawa a ƙofa a farkon shekara don korar sharri, ake samun dabba mai ratsi, a samu mai rodi-rodi, wani lokaci ma a samu wadda ta haɗa duka biyun a jiki ɗaya. A Sin kuma masu zane sukan fito da ratsin goshinta ya yi kama da harafin wang, wato sarki, domin a can ita ke riƙe da sarautar da muka ba zaki. Duk waɗannan misalai abu ɗaya suke nunawa: hannun mai zane yana bin abin da harshensa ya gaya masa game da dabbar.

Iyalin wa?

A Hausa iyali na mutum ne. In aka ce wane da iyalinsa, an riga an kafa maigida, an sa mata da 'ya'ya a ƙarƙashin kulawarsa. Da mun ce iyalin taiga, namijin nan da ke tsaye a gefen zane ya zama mai cefane da tsaron ƙofa. Rayuwar dabbar ba haka take ba.

Taiga 'yar kaɗaici ce. Namiji yana da yankinsa mai faɗi, wanda yake shata iyakarsa da fitsari da karcen farce a jikin itatuwa, a cikinsa kuma akan sami yankunan mata biyu, uku ko fiye. Sukan haɗu na 'yan kwanaki lokacin barbara, kowa ya kama gabansa. Macen takan ɗauki ciki wata uku da rabi, ta haifi biyu zuwa huɗu a cikin kogo ko sarƙaƙiya, idanunsu a rufe. Ita ke shayarwa, ita ke ɗaukarsu a baki ta sauya musu maɓoya in ta ji motsin da bai kwanta mata ba, ita ke farauta, ita ke koya musu yadda ake laɓe da yadda ake kama wuya. Sai sun kusa shekara biyu suke rabuwa da ita, da yawa kuma ba sa kaiwa. Babban abin tsoronta shi ne baƙon namiji, domin in ya kori mai yankin yakan kashe 'ya'yan da ya tarar. Taimakon uba a nan shi ne riƙe iyakarsa da ƙarfi, ba zama a bakin rafi ana wasa ba.

Eugène Delacroix na Faransa ya fi kusa da gaskiya a zanensa na 1830 da ke gidan tarihi na Louvre. Sunan zanen ɗan taiga da uwarsa kawai ya ambata. Uwar tana kwance ta miƙe hannuwa, kanta a ɗage, idonta a waje, jikinta a natse amma ba barci take ba. Ɗan, wanda ya kusa kamo ta a girma, yana birgima a gefenta. Bayansu duwatsu ne da sama mai hadari. Babu namiji, babu ganye mai rufe sama. Delacroix ya daɗe yana zuwa gidan dabbobi na Jardin des Plantes a Faris tare da abokinsa masassaƙi Antoine-Louis Barye suna nazarin jikin manyan namun dawa, kuma an ga amfanin hakan a kafaɗar uwar da nauyin dantsenta.

Masu gadin gandun daji a Indiya suna ba kowace taiga lamba, jama'a kuma su raɗa mata suna, sunayen nan kuwa suna ba da labarin wannan zaman uwa da 'ya'ya. A gandun Pench na jihar Madhya Pradesh an yi wata T-15 da ake kira Collarwali, wato mai abin wuya, saboda na'urar bin sawu da aka taɓa ɗaura mata. Ta haifi 'ya'ya 29 a rayuwarta. Da ta mutu a watan Janairu na 2022, ma'aikatan gandun da mutanen ƙauyukan kewaye suka yi mata jana'iza irin tasu, da furanni. A gandun Ranthambore na Rajasthan kuma an yi wani namiji T-25 da ake ce wa Zalim, kalmar da muke da 'yar uwarta, azzalumi. A 2011 wata taiga ta mutu ta bar 'ya'ya mata biyu ƙanana, sai aka riƙa ganin wannan Zalim yana yawo da su, yana barinsu su ci daga abin da ya kama, har suka girma. Labarin ya bazu ne domin abu ne da ba a saba gani ba. Don haka mai zanen da ya tsayar da uba kusa da 'ya'ya bai zana abin da ba ya yiwuwa ba, amma ya ɗauki abin da ba safai yake faruwa ba ya mayar da shi ƙa'ida, saboda irin gidan da mai saye ke so ya gani ke nan.

Kurmi ko daji?

Kalma ta uku ita ta fi yin tafiya mai ban mamaki. Jangul ɗin da Turawan Ingila ke faɗa, wadda muke ce wa kurmi, daga Indiya suka ɗauko ta a ƙarni na 18, daga jangal ta Hindi, ita kuma daga jangala ta Sanskirit. A tsoffin littattafan likitancin Indiya jangala busasshiyar ƙasa ce mai itatuwa jefi-jefi da ƙayoyi da barewa, kishiyarta anupa, ƙasa mai dausayi da yawan ruwa. Sannu a hankali ta koma nufin duk ƙasar da ba a nomawa, sannan a bakin Turawa ta rikiɗe ta zama duhuwar itatuwa mai ruwan sama da kurangar daji. Bahaushe yana da kalmomin da suka raba waɗannan: daji ko dawa a gefe guda, kurmi a ɗaya gefen. Ma'anar jangala ta asali da dajinmu ta fi kama. Muna fassara ta da kurmi ne domin daga hannun Turawa muka karɓe ta.

Babu wanda ya kafa wannan kurmin a idon duniya kamar Henri Rousseau. A zanensa na 1891 da ke gidan zane na ƙasa a Landan, taiga ta duƙa cikin dogayen ciyayi ta yashe haƙora, walƙiya ta keta sama, ruwa na zuba a karkace, ganyaye na kwanciya saboda iska. Rousseau ma'aikacin karɓar harajin kaya ne a ƙofofin Faris, kuma bai taɓa fita daga Faransa ba. A lambun tsirrai na birnin da cikin littattafai masu hotuna ya tattaro kurminsa. Zanen yana da ƙarfi, tsoron da ke cikinsa na gaske ne, amma ba taswirar wata ƙasa ba ce.

Taiga tana zama a kurmi na haƙiƙa a Sumatra da Maleshiya. Tana kuma zama a Ranthambore, inda itatuwa ke kakkaɓe ganye da rani ƙasa ta yi fari fat; da cikin dogayen ciyayin Terai a gindin tsaunukan Himalaya; da cikin laka da ruwan gishiri na Sundarbans; da kan tsaunukan Butan sama da mita 4,000; da cikin ƙanƙarar yankin kogin Amur. Ratsin jikinta ma a cikin busasshiyar ciyawa da inuwar rassa yake ɓatar da ita. Sanin wannan yana da amfani fiye da gyaran fassara. Indiya ta ƙaddamar da shirin kare taiga a 1973 da gandu 9. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, ta 2022 ta ba da kimanin 3,682, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rage a dazukan duniya. Da yawa daga cikinsu suna zaune ne a busasshen daji, maƙwabtaka da gonaki da makiyaya. Kurmin cikin firam ya share waɗannan mutane, alhali su ne ke asarar shanu, wani lokaci har da rai. Taigar Bali da ta Jawa da ta yankin tekun Kasfiya duk sun ƙare a ƙarni na 20, kuma farauta da cinye musu wurin zama ne suka ƙarar da su.

Sunan da maƙwabta ke kiranta

Waɗanda ke kwana su tashi kusa da ita ba kasafai suke ambaton sunanta kai-tsaye ba. Masunta da masu ɗibar zuma a Sundarbans, in sun shiga daji, sukan ce mata mama, wato kawu, kuma Musulminsu da Hindunsu da yawa suna ambaton Bonbibi, wadda suka ɗauka uwar daji mai kare su. Mutanen Malay suna da harimau, amma sukan ce Pak Belang, wato Baba Mai Ratsi. Bahaushen da ke ce wa maciji igiyar ƙasa zai gane dalilin wannan sakayawa: tsoro ne haɗe da girmamawa. Wannan shi ne abin da zanen bargo ya rasa. Ya mai da dabbar abar lallashi, ya cire kwarjinin da ya sa mutane suke sassauta murya in za su ambace ta.

Daga bakin mutanen Malay ɗin ne nake ganin mafita ga namu harshen. Damisar Asiya ko damisar Indiya ba za su yi ba, domin damisa mai rodi-rodi ma tana nan da yawa a Indiya, a dazuka ɗaya da taiga. Abin da ido ke fara gani shi ne ratsi. A ce damisa mai ratsi in ana bayani, a ce taiga in ana son gajarta tunda ta riga ta zauna a bakin jama'a, damisa zalla kuma a bar wa mai ita. Zanen nan da ke falo sai a kira shi taiga da 'ya'yanta, a kuma san cewa namijin da kurmin ƙarin mai zane ne.

Ina dagewa kan wannan ne saboda tamu damisar. Ta yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma, yawancin yaranmu ba za su taɓa ganinta ba sai a hoto. In hoton da ke zuwa musu duk lokacin da aka ce damisa na dabbar wata nahiya ne, to kirarinta da karin maganarta da tatsuniyoyinta za su koma kan baƙuwa, ita kuwa ta ɓace daga daji ta kuma ɓace daga tunani. Masu rubuta littattafan firamare, da masu fassara labarai a rediyo da talabijin, da masu haɗa ƙamus, su ke da ikon hana haka, kuma abin da ake bukata daga gare su kaɗan ne: su sa hoton mai rodi-rodi a gaban kalmar damisa, su ba mai ratsi sunanta daban.